Gogen Bature a Hannun Ɗan Ghana

Shekaranjiya da dare wani abokina ya turo mini bidiyo, ya rubuta a ƙasa: "Dubi 'yan'uwanka, an ba su 'yanci sun ƙi karɓa." Na buɗe. Maza da mata ne zaune a jere kamar rabin da'ira, kowa da takarda a gabansa, akasarinsu sun maƙale gogen Turawa a ƙarƙashin haɓa, ga wani a tsaye ya ba mu baya yana kaɗa 'yar sanda. Ƙungiyar makaɗan simfoni ta ƙasar Ghana ce, simfoni kuwa dogon rubutaccen kiɗa ne irin na Turawa da makaɗa da yawa ke kaɗawa tare. Na kalla har ƙarshe, na sake mayarwa, sannan na ce masa amsarsa a fili zan ba shi, domin ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. To ga ta nan, kuma tana da tsawo. Mai sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba. Batun halaccin kiɗa kuwa na malamai ne, don Allah kada a ja ni can, ba shi ya kawo ni ba.

A 1959 aka kafa ƙungiyar, bisa umarnin Kwame Nkrumah, shekara biyu kacal bayan Ghana ta karɓi mulkin kai a ranar 6 ga Maris, 1957. Ku tsaya a nan tukuna. Mutumin da duniya ta sani da cewa ba shi da aiki sai yaƙi da mulkin mallaka, shi ne ya ce a kafa wa ƙasarsa irin ƙungiyar makaɗan da ake alfahari da ita a Landan da Balin. Ko dai ya manta da abin da yake wa'azi ne, ko kuwa ya hango abin da abokina bai hango ba. Ni na fi karkata ga na biyun. A shekarun nan Nkrumah yana ta tara wa jaririyar ƙasarsa kayan girma ne: kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line, kamfanin jiragen sama na Ghana Airways, tashar jiragen ruwa ta Tema, madatsar ruwa ta Akosombo. Saƙonsa ɗaya ne, duk abin da aka ce baƙar fata ba zai iya riƙewa ba, ga shi muna riƙe da shi. Ƙungiyar makaɗan nan tana cikin wannan lissafi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, jiragen ruwan sun zama tarihi, jiragen saman ma haka, shi kansa Nkrumah sojoji sun kifar da shi a ranar 24 ga Fabrairu, 1966, amma masu gogen suna nan suna jan baka.

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Philip Gbeho, kuma tarihinsa kaɗai ya isa ya rikita mai cewa 'yan kwaikwayo ne. An haife shi a 1904 a Vodza, wani ƙauyen masunta kusa da Keta, a ƙasar Ewe. Malamin makaranta ne, yana kuma kaɗa ogan a cocin Katolika. Ya koyar da kiɗa a makarantar Achimota da ke Accra, daga baya ya samu tallafin karatu ya tafi kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan. Da ya je can bai dawo yana magana ta hanci ba. Gangunan ƙasarsu ya riƙa nuna wa Turawa, yana yi musu bayani, har a gidan rediyon BBC. Shi ne ya tsara kiɗan taken ƙasar Ghana, wanda har gobe shi ake tashi tsaye a kansa, ko da yake an sauya baitocin. Ya rasu a 1976. Ɗansa Victor Gbeho shi ne wanda ya shugabanci hukumar ECOWAS daga 2010 zuwa 2012, ga masu son irin wannan ƙarin bayani. Mutumin da ya san gangar Ewe ciki da bai, ya kuma san takardar kiɗan Bature, bai ga cewa dole sai ya saki ɗaya kafin ya riƙe ɗaya ba.

Bari in ɗan kwatanta yadda abin yake, domin da yawanmu a fim kawai muke ganinsa. Cikakkiyar ƙungiyar simfoni takan kai mutum 70 zuwa 100, kuma gida huɗu ce. Gidan tsirkiya shi ne mafi yawa: bayolin, da yayarsa biyola, da celo wanda ake zama a rungume shi tsakanin gwiwoyi, da uban gayyar mai tsayin mutum. Sai masu busa na katako, irin su sarewa da obo da kilarinet. Sai masu busa na tagulla, waɗanda muka saba gani a badujalar soja. Sai masu ganguna can baya. Kafin a fara komai akwai wani ɗan lokaci da na fi so fiye da rabin abin da ke biyo baya. Ɗaki ya yi tsit, sai mai obo ya saki murya guda, siririya, doguwa, wadda a mafi yawan wurare ake auna ta a kan girgiza 440 a daƙiƙa. Shugaban masu bayolin ya kama ta, ya murɗa kunnen gogensa har ta zauna. Daga nan kowa ya shigo, wannan na ja, wancan na hurawa, ɗakin ya cika da wata hayaniya kamar kasuwar tsuntsaye, sannan a hankali ta lafa, kowa ya koma kan wannan murya guda. Sai madugu ya fito. Shi ba ya kaɗa komai. Aikinsa na gaske an gama shi tun a wurin bita, inda zai tsayar da mutum tamanin saboda layi biyu, a maimaita, a sake maimaitawa, har masu busa su daina danne masu tsirkiya. Sandar da kuke gani a ranar taro tunatarwa ce kawai.

Yanzu ga inda nake so mu yi ta da abokina. Ka ce kayan Bature ne. Ɗauki bakan bayolin ka duba abin da aka ɗaura masa: izgar doki ce. Kafin ya fara, mai kiɗan zai goga mata ƙaro don ta riƙa kama tsirkiya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san wannan motsin hannu, bai buƙatar tafinta. Bayolin a siffarsa ta yau a arewacin Italiya aka ƙera shi cikin ƙarni na 16, garin Kiremona ya yi suna a kai, wannan gaskiya ne. Amma jan baka a kan tsirkiya ba a Turai aka fara shi ba, ta hannun Larabawa da Rumawan gabas ya shigo musu, kuma rababar Larabawa tana cikin kakannin gogensu. Obo ɗan gidan su algaita ne, dukkansu da ɗan kara mai baki biyu ake hura su. Manyan tamburan da ke bayan ƙungiyar asalinsu daga gabas suke, irin waɗanda ake ɗora wa doki ko raƙumi a fita yaƙi. Beethoven da kansa, a simfoninsa na tara da aka fara kaɗawa a 1824, ya saka wani yanki da salon badujalar sojan Turkiyya, da babbar ganga da faranti. Ba wanda ya ce masa an ba shi 'yanci ya ƙi karɓa. Su sun ɗebo daga ko'ina sun tara a ɗaki ɗaya sun kira shi nasu, mu kuma in mun taɓa sai a ce mun zubar da gida.

Kuma ai Ghana ta riga ta yanke wannan shari'a tun kafin a haifi Nkrumah. A ƙarshen ƙarni na 19 sojojin da Ingila ta kawo daga tsibiran Karebiyan suna busa kayan tagulla a Cape Coast, samarin Fante suka saurara, suka karɓe, suka juya shi ya koma wani kiɗa nasu da ake kira adaha. Daga irin wannan, da jitar da matuƙan jirgin ruwa suka yawata da ita a bakin teku, da ƙungiyoyin kiɗan rawa na manyan gari irin su Excelsior a Accra, aka samu hailaif, shahararren kiɗan rawan nan na Ghana. E.T. Mensah da ake kira sarkin hailaif, me yake busawa? Kakakin Bature da sakso. Yau ka je ka ce wa ɗan Ghana hailaif ba nasa ba ne, ka ga ko za ka dawo da haƙoranka.

To amma kada in cuci abokina, akwai gaskiya a bakinsa, kuma akwai waɗanda suka faɗe ta da kyau fiye da shi, daga cikin gidan ma. Ephraim Amu, wanda aka haifa a 1899, malami ne a kwalejin horar da malamai ta mishan da ke Akropong. A farkon shekarun 1930 ya hau mumbarin coci sanye da zanen gargajiya maimakon kwat, yana kuma koya wa ɗalibai ganga. Hukumar cocin ta ce ya zaɓa, ko ya bari ko ya tafi. Ya tafi, Achimota ta karɓe shi. Shi ne ya ɗauki atenteben, sarewar gora ta Akan, ya gyara ta yadda za a iya koyar da ita a aji a kuma rubuta mata kiɗa. Bayansa ga J.H. Kwabena Nketia, wanda ya rayu daga 1921 zuwa 2019, ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin kiɗan Afirka a jami'ar Legon, a cibiyar nazarin Afirka da Nkrumah ya buɗe da kansa a 1963. Ku lura, Nkrumah ɗin da ya kafa ƙungiyar simfoni shi ne ya tsaya wa wannan cibiya, kuma a zamaninsa aka kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta ƙasa a 1962. Da hannu biyu yake wasan.

Amma wanda ya fi kowa tsaya mini a rai shi ne Nana Danso Abiam. A shekarun 1980 aka ba shi jagorancin ita wannan ƙungiyar simfonin. Ya zo da tunani mai zafi: in ƙungiya ta ƙasa ce, to ta yi magana da harshen ƙasa, a shigo da kayan kiɗan gida su zauna a kujerun gaba. Abin bai yiwu ba yadda yake so, ya bar aikin. A 1988 ya kafa tasa, Pan African Orchestra, ya jera sarewar atenteben, da gyil na mutanen arewa maso yamma, wato kiɗan katakon nan da ake rataya wa ƙorai a ƙasa, da kora, wani irin molo mai tsirkiya da yawa, da ganguna iri-iri, da gonje. Gonje kuwa ba wani baƙo ba ne, gogenmu ne mai tsirkiya ɗaya, haka Dagomba na arewacin Ghana ke kiransa. Ya zaunar da su sahu-sahu, gida-gida, da madugu a gaba. Faifansu ya fito a 1995 a kamfanin Real World na Ingila, duniya ta saurara. Ya rasu a hatsarin mota a Disambar 2014.

Mene ne gaskiyar Abiam? Ba maganar kishi ba ce kawai, maganar kunne ce. Kiɗan Turawa ya raba tsani ɗaya na murya gida 12 daidai wa daida, kuma a kan haka aka ɗaure fiyano da yawancin kayan busarsu. Gyil ba haka aka sassaƙa shi ba, matakinsa biyar ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta masassaƙin ce da garinsu. Mai goge yana zamewa tsakanin murya da murya, yana bin hawa da saukar harshe, domin harsunan Akan da Ewe da Dagbani, kamar namu, harsuna ne da karin sauti ke sauya ma'anar kalma. In ka ɗauko waƙar da aka gina a kan haka ka kwantar da ita a kan layuka biyar na takardar Bature ba tare da hattara ba, za ka samu abu mai tsabta wanda ransa ya fita, kamar miyar da aka tace aka zubar da ɗanɗanon. Haka ma ganguna. A kiɗan Ewe ƙararrawar ƙarfe ce ke riƙe lokaci, ganguna da yawa suna tafiya a kanta kowacce da taku nata, babbar ganga tana magana da masu rawa. Wannan ba ya buƙatar mai sanda, kuma in ka matsa masa sai ya bi sanda, ka rage masa wani abu. A nan Abiam ya fi masu sukarsa gaskiya.

Sai dai ku duba abin da shi ma ya yi. Ya fita daga ɗakin, amma ya tafi da tsarin ɗakin: sahu, da rubutu, da madugu, har sunan. Wato abin da ya gani mai amfani ba katakon bayolin ba ne, dabarar ce ta tara mutum da yawa a kan rubutaccen kiɗa mai tsawo, wanda za a iya ajiyewa a ɗauko bayan mai shi ya mutu. Nan ne zuciyar maganata. Haydn, wanda ake kira uban simfoni, makaɗin fada ne, ya yi kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Esterházy hidima, da kayan barantaka a jikinsa, yana rubuta abin da ubangidansa zai ji bayan cin abinci. Bambancinsa da makaɗan fadar Asante ko ta Dagbon, masarautar Dagomba, na zamaninsa ba basira ba ce. Nasa yana kan takarda, simfoni sama da ɗari, yau ɗan Japan zai buɗe ya kaɗa. Na san fadojin Afirka suna da nasu hanyar adanawa, daga uba zuwa ɗa, daga kunne zuwa kunne, kuma ta riƙe abubuwa ɗaruruwan shekaru. Amma ranar da ɗan ya tafi birni neman aiki, igiyar ta tsinke.

Saboda haka tambayar da nake yi wa ƙungiyar ƙasa ba ita ce wane kaya ke hannunku ba. Tambayar ita ce, kiɗan wa ke kan takardar da ke gabanku? Haka ƙananan ƙasashen Turai suka ƙwaci kansu daga inuwar Jamus. Bartók da Kodály sun ɗauki na'urar naɗar murya a farkon ƙarni na 20 suna bin ƙauyukan Hangari suna naɗar waƙoƙin tsofaffi, suka dawo suka gina kiɗan da yau ba wanda zai ce ba na Hangari ba ne. Sibelius ya yi wa Finlan haka tun tana ƙarƙashin Rasha. Ghana tana da irin waɗannan mutane, kuma wasunsu sun riƙe ita wannan ƙungiya: Kenn Kafui, da Gyimah Labi, masu tsara kiɗa ne da suka yi ta ƙoƙarin sa fiyano da kayan Turawa su yi tafiyar ganga. Oscar Sulley daga duniyar hailaif da jaz ya fito. Har mace ta riƙe sandar, Dinah Reindorf. A bidiyon da abokina ya turo ma, da ya jure ya kai tsakiya, da ya ji inda kiɗan ya karkata ya koma taku irin na hailaif, masu celo suna kaɗa kai. Bai kai ba, kayan jikinsu kawai ya gani ya yanke hukunci.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne kuɗi, kuma ba a kan Ghana kaɗai ba, a kan duk gwamnatin da ke son sunan ba ta son ɗawainiyar. Irin wannan ƙungiya ba ta taɓa ciyar da kanta da kuɗin tikiti, ko a Jamus, ko a Amurka inda attajirai ke cike giɓin. Dalilin a fili yake. Masaƙa tana iya sayen inji ta rage ma'aikata, amma kiɗan da aka rubuta wa mutum 80 shekara 200 da suka wuce, yau ma mutum 80 yake nema, kuma minti 40 ɗinsa ba ya raguwa. Mai bayolin kafin ya isa zama a sahu ya kai shekara goma yana koyo, galibi tun yana yaro. Tsirkiya tana tsinkewa, izga tana ƙarewa, karan obo kwanaki kaɗan yake yi, kuma kusan duka daga waje ake sayo su da kuɗin waje, alhali albashi da sidi ake biya. Ga yanayi: danshin bakin teku yana saki mannin da ya riƙe katako, hunturu ya zo ya busar da shi har ya tsage. Ku tuna kuma abin da ƙasar ta shiga, juyin mulki bayan juyin mulki, da fari da yunwar 1983, shekarar da aka koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya suka dawo gida hannu rabbana. A irin wannan shekara, wa zai shiga ofishin minista ya ce a saya masa tsirkiyar celo? Duk da haka wasu mutane sun ci gaba da zuwa bita. Ba mu san sunayen yawancinsu ba, domin mai zama a sahu na huɗu na masu bayolin ba a buga hotonsa a jarida. Sai a 1992 aka kammala babban gidan wasanni na ƙasa a Accra, wanda China ta gina, ƙungiyar ta samu mazauni tare da 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayo na ƙasa. Shekara 33 ke nan bayan kafa ta.

Wani zai ce, ƙasar da ke neman magani a asibiti, ina ita ina goge? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amsata ita ce albashin makaɗa tamanin bai kai abin da ake kashewa a ayarin motocin manya ba, kuma ban taɓa jin ƙasar da ta rufe ƙungiyar makaɗanta sai kuɗin ya bayyana a asibiti ba. In za a riƙe ta, a riƙe ta da gaske: a biya masu tsara kiɗa su rubuta sabo duk shekara, a buga ayyukan su Amu da Nketia da Kafui yadda ƙungiyar wata ƙasa za ta iya saya ta kaɗa, a horar da mai gyaran bayolin a gida, a fita da ita daga Accra ta je Kumasi da Tamale da Wa. In kuwa za a ajiye ta ne don ta busa take idan baƙon shugaba ya sauka, to abokina ya ci ni, kayan ado ce.

Abin da nake so in gani kafin in mutu, mai gonje daga Dagbon zaune a gaban sahu, ba a matsayin baƙon da za a tafa wa minti uku a sallame shi ba, a'a, a ce kiɗan don shi aka rubuta. Kuma a wannan dare mai obo ya yi shiru, mai gonjen ya ja tsirkiyarsa ya ba da murya, masu bayolin talatin su murɗa kunnuwan gogensu su same shi inda yake. Bayolin zai iya, ba shi da matakala a wuyansa, yatsa ne ke neman murya kamar dai na goge. Masu busa ne za su sha wuya, su da fiyano.

'Yan'uwa da ke Accra, na Nima da Mamobi da Sabon Zango, in kun ji za su yi wasa ku je ku gano mana, ku naɗo ku turo. Ku isa da wuri, kamar minti goma kafin a fara, don kada ku rasa lokacin da mai obo zai saki muryar nan.